Ranar da na kai takardarmu gaban kwamitin gyaran tsarin mulki

Watan Mayun 2021 ne ƙungiyarmu ta matasa ta tura ni Kaduna, wajen zaman jin ra'ayin jama'a na kwamitin majalisar dattawa, wanda Sanata Omo-Agege ke shugabanta a lokacin. Buƙatarmu ɗaya ce, a rage wa Abuja iko a miƙo wa majalisun jihohi, don abubuwa 68 ne fa tsarin mulkin 1999 ya ce tarayya kaɗai za ta yi doka a kai, ciki har da 'yan sanda, mu kuma ga ɓarayin daji sun hana mu noma.

Sati biyu muka yi muna rubutu, shafi 14, muka yi karo-karo aka buga mana a shagon kwamfuta da janareta. Da layi ya zo kaina wallahi ko gaisuwa da tarihin garinmu ban gama ba lokacina ya ƙare. Wani dattijon lauya da ke kusa da ni takarda ɗaya tal ya riƙo, ya ce min "ɗana, sashe na 214 shi ya hana a kafa wasu 'yan sanda banda na tarayya, shi za ka kira, ka faɗi kalmar da za a cire da wadda za a sa." Na ce na gode Baba, na rubuta a bayan fayil ɗina.

Kuskurenmu babba sai daga baya ma muka gano shi. Mun dawo gida mun miƙe ƙafa, ashe ko majalisar tarayya ta amince sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun yarda. A Maris 2023 Buhari ya sa hannu, jihohi suka samu ikon yin doka kan jirgin ƙasa da gidajen yari, da lantarki ko a inda babban layin ƙasa ya kai. 'Yan sandan jiha kam babu. Abin da ya fi min ciwo, 'yancin ƙananan hukumomi a hannun majalisun jihohin ya mutu, su ɗin da muke nema wa ƙarin iko, kuma ɗan majalisarmu na jiha gidansa da ƙafa ake zuwa daga unguwarmu amma ko sau ɗaya ba mu je mun zauna da shi kan maganar ba.

Yanzu shafi ɗaya muke rubutawa, sashe da gyaransa, kuma ɗan majalisar tamu muke fara kai wa, mu biyar, bayan sallar Juma'a.