Abin da Ayi ta faɗa min yau a titin Dihua

Yau Juma'a an wuni ana yayyafi. Ina fitowa daga babban masallacin Taipei, wanda ke kallon lambun Daan, na ga Ayi ta kira ni har sau biyu. A gidanta nake haya. Ayi shi ne abin da ake kiran macen da ta kai sa'ar mahaifiyarka a nan, kamar Gwaggo a wurinmu. Wai in raka ta titin Dihua.

Titin nan ƙamshin saiwoyi da ɓawon itace ne ke fara tarbar mutum. Ta sayi busasshiyar magaryar China, ja jawur, muka zauna shan madarar waken suya mai zafi. Ta daɗe tana juya kofin a hannunta kafin ta ce, tunda karatun jinya nake yi, tana da tambaya.

Shekarunta 53. Jinin al'ada ya ɗauke mata shekara uku da suka wuce, daidai da yawancin matan Taiwan, da ke kaiwa wannan mataki wajen shekara 50. Gengnianqi suke ce masa. Tun bara ita da maigidanta kowa da ɗakinsa. Ta ce masa minsharinsa ne ke hana ta barci. Gaskiyar ita ce saduwa ta koma mata azaba: zafi kamar ana goga mata yashi, wani lokaci har da ɗan jini. Shi kuma ya ɗauka ta daina sonsa, ya yi shiru, ita ma ta yi shiru.

Abin da ya fi sosa min rai, ba rashin likita ba ne. Tun 1995 Taiwan ke da inshorar lafiya ta ƙasa, har maganin gargajiya tana biya. Ayi tana zuwa asibiti, ta faɗi rashin barci da ciwon baya da gumin dare, a ba ta garin maganin gargajiya mai suna Jia Wei Xiao Yao San, ta dawo. Bushewar gaba kuwa ba ta taɓa furta ta ba, ba a kuma taɓa tambayarta ba. Maganin homon, mai cike gurbin sinadarin mata da ke raguwa a jiki, shi ma tsoronsa take, tun labarin binciken Amurka na 2002 da ya danganta wasu ƙwayoyinsa da sankarar mama.

Na yi mata bayani a hankali. Idan sinadarin estrojin, wato homon ɗin mata, ya ragu, fatar gaba takan yi siriri, danshinta ya tafi, kuma wannan ba ya wucewa da kansa kamar yadda zafin jiki kan lafa. Akwai man santsi a kowane kantin magani. Akwai kuma estrojin na shafawa a wurin, ɗan kaɗan ne ke shiga jini, amma likitan mata ne zai duba ya rubuta.

Na tuna yayyen mahaifiyata a Zariya. Ana hirar kayan mata da dariya a gidan biki, amma ban taɓa jin ɗayarsu ta ce tana jin zafi ba.

A jirgin ƙasa muna dawowa Ayi ta ce bakinta ba zai iya faɗa wa likita ba. Na ce to ta rubuta. Ta ciro rasidin magaryar, ta rubuta layi biyu a bayansa, ta ninke ta sa cikin jakar katin inshorarta. Talata za mu je tare, ƙarfe tara.