Tsidau ya tsayar da ni a hanyar Daberam

Har yau idan na tuna Asabar ɗin nan sai raina ya ɓaci, domin da hannuna na jawo wa kaina wahalar.

Na fito daga cikin Daura a kan kekena bayan sallar asuba, sanyin hunturu na kaɗawa, na bi ta wajen rijiyar Kusugu na nufi dam ɗin Daberam. Niyyata in sauka daga kwalta da wuri, in kama burji da turbar amalanke da ke ratsa gonaki. Tun da daddare na cika tayoyi da iska tam, kamar mai shirin hawa titin Katsina.

Kan burji lafiya lau. Da na shiga rairayi ne keke ya fara gardama. Taya mai tauri nutsewa take yi, ta gaba tana ta karkacewa. Maimakon in rage iska ko in sauka in tura, sai na hau gefen wata gona da aka girbe gero, don na ga ƙasar wurin da ƙarfi. Ashe tsidau ne shimfiɗe a ƙasa, ya bushe, 'ya'yansa sun warwatse, kowanne da ƙayarsa a tsaye. Ban yi nisa ba tayar baya ta sace.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Tub ɗaya tak na riƙo, babu faci, babu sholisho. Na ciccire ƙayoyin da ido ke gani, na zura sabon tub, na buga famfo, na hau. Ban shafa cikin tayar da yatsa ba! Tsinin ƙaya guda ya karye a ciki, shi ya huda sabon tun kafin in fita daga gonar. Aikin minti ɗaya na tsallake, ya cinye mini yini.

Rana ta take, gorar ruwana ta kusa ƙarewa, ina tura keke, sai ga wani dattijo da amalanken shanu.

"Sannu yaro, ina aka nufa haka?"

"Daberam, Baba, amma tsidau ya hana."

"Ai bayan kaka ba a bin gefen gona. Inda tayar amalanke ta taka, nan za ka bi."

Ya ɗora ni da keken har ƙauyensu, Allah ya saka masa da alheri. Mai facin garin ya tsoma tub a kwanon ruwa, kumfa na tashi ta wuri uku. Sannan ya kama yatsana ya bi da shi cikin tayar a hankali, har ƙayar ta soke ni. Bai ce komai ba.

Yanzu kafin in shiga rairayi sai na rage iska, in sa giya mai sauƙi, in koma baya kan sirdi, kuma ba na daina juya feda, ba na taɓa burkin gaba. Inda ya yi zurfi in sauka in tura, ba gefen gonar da zan sake hawa. Tub biyu nake ɗauka, da faci, da ruwa gora biyu. Duk sanda na buɗe taya kuwa, sai yatsana ya zagaya cikinta sau biyu kafin tub ya shiga.

Bayan mako biyu na koma. Na isa bakin dam ɗin da hantsi, masu lambu na ta ban ruwa, na jingine keke na wanke ƙurar fuskata.