Abin da alƙaluma suka nuna mini a ƙwallon kwandon mata na jami'o'in Amurka

Musu ne ya jawo na fara wannan aiki. Bayan wasan ƙarshe na gasar mata ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, a ranar 7 ga Afrilu, 2024, wanda South Carolina ta ci Iowa 87 da 75 a birnin Cleveland, abokan kallona kowa ya kama nasa dalilin. Wani ya ce tsayi ne, tunda Kamilla Cardoso ta South Carolina ta haura mita biyu. Wani ya ce Caitlin Clark ta Iowa ce ta gaji, don ta zuba maki 18 a zangon farko kaɗai, amma aka tashi tana da 30. Ni kuwa aikina na yau da kullum lissafi ne a Excel, sai na ce bari in tattaro takardun sakamakon wasanni in ga me za su faɗa.

Abu na farko da na yi shi ne ajiye makin da ƙungiya ke ci a kowane wasa a gefe. Iowa ce ta fi kowace jami'a zuba maki a kakar, kusan 91 a wasa, amma wani ɓangare na wannan gudu ne kawai. Ƙungiyar da ke jefawa da wuri tana samun hari da yawa, abokiyar karawarta ma haka. Wasan minti 40 ne, zango huɗu na minti goma-goma, kuma kowane hari daƙiƙa 30 aka ba shi, sai dai wata ƙungiyar tana cinye daƙiƙunta, wata ko rabi ba ta kaiwa. Don haka dole a fara ƙidaya harin. Ana haɗa yawan jifa da yawan ƙwallon da aka zubar wa abokan hamayya, a cire wadda aka sake cafkewa bayan jifan ya ƙi shiga, sannan a ƙara kusan rabin jifan kyauta, wato a ninka shi da 0.475. Daga nan sai a duba maki nawa ake samu a hari 100. Da na jera ƙungiyoyin a kan wannan ma'auni, waɗansu masu wasa a tsanake da ba a cika jin sunansu ba suka taso sama.

Sai na ɗauko tsarin Dean Oliver, masanin ƙididdigar wasan da ya fitar da shi a 2004. Ya ce abu huɗu ke kawo nasara: ingancin jifa, kiyaye ƙwallo, cafkar wadda ta dawo daga kwando, da zuwa layin jifan kyauta. Ya ba su nauyin kashi 40, da 25, da 20, da 15. A jadawalina ma ingancin jifa ne ya fi tafiya kafaɗa da kafaɗa da nasara. Amma sai an auna shi daidai. 'Yar wasan da ta jefa goma daga nesa huɗu suka shiga ta kawo maki 12, wadda ta jefa goma daga kusa biyar suka shiga 10 ta kawo. Shi ya sa ake lissafa jifan maki uku a matsayin ɗaya da rabi.

Inda na fi daɗewa shi ne wasanni biyu na South Carolina da Iowa, shekara ɗaya tsakani.

A wasan kusa da na ƙarshe na 2023 a Dallas, South Carolina ta zo da nasara 36 ba ko faɗuwa ɗaya. Ta cafke ƙwallo 49, Iowa 25. Daga cikin 49 ɗin, 26 a ƙarƙashin kwandon Iowa ta ƙwace su. Ta yi jifa 77, Iowa 57. Duk wanda aka nuna wa waɗannan lambobi aka rufe masa sakamako, rantsuwa zai yi South Carolina ce ta ci. Iowa ce ta ci, 77 da 73, Clark na da maki 41.

Amsar tana layi na gaba. South Carolina ta jefa 20 daga nesa, huɗu suka shiga. Maki 12 ke nan a jifa 20. Na koma na sake kallon wasan da takardar a hannu, sai ga abin a fili: 'yan Iowa sun cunkushe a ƙarƙashin kwando, sun bar na waje su yi yadda suka ga dama. Akwai lokacin da Raven Johnson ta South Carolina ke riƙe da ƙwallo a bayan layin maki uku, Clark ta yi mata nuni da hannu alamar je ki, ko matsowa ba ta yi ba. Ashe yawan cafkar nan ma wani ɓangarensa shaidar ɓarin jifa ne, don ba a cafkar ƙwallon da ta shiga raga. Tun daga nan na daina ƙirga cafka da kai, na koma duba kashi nawa cikin jifan da ya ɓaci ƙungiya ta maido hannunta. Iowa kuma jifan kyauta 14 ta samu, ta zura duka 14. A wasan da aka rabu da maki huɗu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kocin South Carolina, Dawn Staley, ta rasa dukan 'yan wasanta biyar na farko bayan wannan kaka. Cikin waɗanda ta kawo akwai Te-Hina Paopao daga Oregon, wadda ta zama ta ɗaya a ƙasar a ingancin jifan maki uku. A wasan ƙarshe na 2024 cafkar ta kusa zama iri ɗaya da ta 2023, 51 da 29, Cardoso kaɗai na da 17. Bambancin shi ne wannan karon takwas cikin 19 na nesa sun shiga, Iowa ba ta da damar cunkushewa a ciki. South Carolina ta gama kakar da nasara 38 ba faɗuwa. A ganina, ƙarfin cikin kwando ba ya biya sai akwai wadda ake tsoro a waje, kuma lamba ɗaya a takarda ba ta isa hukunci sai an karanta ta tare da maƙwabciyarta.

Akwai tarkon da ke jiran duk mai wannan lissafi. Ƙungiyoyin rukuni na ɗaya sun haura 350, kuma tazarar da ke tsakanin manya da ƙanana mai faɗi ce. A watan Nuwamba manya kan gayyato ƙanana su lallasa su da maki arba'in ko hamsin, alƙalumansu su kumbura. Sai da na ware wasannin da manya suka yi da junansu kafin jadawalin ya yi ma'ana. NCAA ma, a ma'auninta na jera ƙungiyoyi mai suna NET da ta fara amfani da shi ga mata a kakar 2020 zuwa 2021, tana la'akari da ƙarfin abokin karawa da inda aka buga wasan.

Sannan gasar ƙarshen kaka ta sili-ɗaya-ƙwale ce, dare ɗaya ya isa ya rushe lissafin wata biyar. A wasan ƙarshe na 2023 da jami'ar jihar Louisiana, wato LSU, ta ci Iowa 102 da 85, Jasmine Carson ta LSU ta taso daga benci ta zuba maki 21 kafin hutun rabin lokaci, jifa biyar daga nesa, biyar a raga. Babu jadawalin da ya hango wannan.

Maganar benci kuwa, ita ce ta sa na ƙara layi na biyar a kan huɗun Oliver. A wasan Cleveland, 'yan bencin South Carolina sun ci maki 37, na Iowa ko ɗaya babu, kuma wadda ta fi kowa maki a ƙungiyar da ta ɗauki kofin ita ce Tessa Johnson, 'yar ajin farko, da 19. Yanzu ina rubuta mintin da 'yan wasa biyar na farko suka buga a kowane wasa, in kwatanta shi da makin da ƙungiyar ke samu a zango na huɗu.