Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Bizar Amurka ga Maigidan da Kotu Ta Taɓa Ɗaurewa

Makon jiya na yi alkawarin jingine labari in amsa tambayar da 'yan'uwa mata daga Katsina da Daura suka fi aiko min: matar tana da shaidar zama 'yar ƙasar Amurka, maigidan yana gida, kuma kotu ta taɓa yanke masa hukunci. Zai samu bizar aure?

Ita ke cike fom I-130 na neman izinin kawo miji, shi ya cike DS-260, wato fom ɗin neman bizar, sannan a kira shi ganawa a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas. Inda gizo ke saƙa shi ne irin laifin.

Idan sata ce ko zamba, sau ɗaya tak, kuma iyakar hukuncinta a doka bai wuce shekara 1 ba, ɗaurin da alƙali ya yanke bai haura wata 6 ba, to ba ta hana biza. Abin da alƙali ya furta ake dubawa, ba kwanakin da aka yi a gidan yari ba. In ya zarce haka, sai a nemi afuwa da fom I-601, a nuna tsananin wahalar da matar ko 'ya'yansu 'yan Amurka za su shiga, ko a nuna shekara 15 ta wuce da aikata laifin kuma ya shiryu.

Maganar ƙwaya ce ke tayar min da hankali, ganin yawan samarinmu da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta gurfanar kan tiramol da kodin. Wannan ba shi da afuwa, komai ƙanƙantarsa. Sassaucin kawai ga wanda aka samu da wiwi giram 30 ko ƙasa da haka, na shansa, sau ɗaya. 'Yar'uwa, ki binciki wannan kafin ki biya ko kwabo.

Ku karɓo kwafin hukunci mai hatimi daga rajistaran kotun, da takardar shaidar hali ta 'yan sanda. Shari'ar da aka rubuta da Hausa sai an fassara ta zuwa Turanci. Afuwar gwamna ba ta share laifi a wajen hukumomin Amurka, don haka kada maigida ya ce "ba a taɓa ɗaure ni ba". Ƙarya a ganawa tana jawo haramcin har abada, ko da asalin laifin ƙarami ne.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labari.