Daga ina ka taso yau?

Da malamar da ke koya mana Italiyanci a Perujiya ta ce in zo mu taka zuwa Asisi ran Lahadi, dariya na yi. Ni da na baro Damagaram, na bi ta Agadas da Libiya, ni za a ce in yi tafiyar ƙasa da gangan, alhali ga jirgin ƙasa yana zuwa? Sai dai shekarata ɗaya da rabi a garin, daga ɗaki sai wankin kwanuka a gidan abinci, sai layin sabunta takardar zama. Na ce to, Allah ya kai mu.

Via di Francesco ake ce wa hanyar, ta taso daga La Verna, ta ratsa Gubbiyo da Asisi har Roma. Tsakanin Gubbiyo da Asisi shi suke kira hanyar zaman lafiya. Zango ɗaya muka ɗauka, daga Valfabbrica, wajen kilomita 13. Ba ka tambayar kowa hanya, fenti ne rawaya da shuɗi a jikin itatuwa da duwatsu.

Tun a hawan farko takalmin gwanjon da na saya ya sale mini dunduniya. Wani dattijo mai sanda biyu ya ga ina ɗingishi, ya zaunar da ni, ya zaro filasta daga jakarsa. Yana liƙawa ya ce, "Ɗana, daga ina ka taso yau?" Na yi shiru. Tun da na shigo ƙasar nan, "ɗan ina ne kai" nake ji, sai "yaushe za ka koma". Na ce, "Valfabbrica, Baba." Ya ce shi ma, kuma bai ƙara tambaya ba.

Da rana abokan tafiya suka fito da naman alade. Dattijon ya miƙo mini cuku da burodin wannan yanki na Umbriya, wanda ko gishiri babu. Wannan burodi kam har yau ban saba da shi ba. Na yi azahar a gindin zaitun, suka rage murya har na sallame. Nan ya ba ni labarin yadda Faransis, ɗan Asisi, waliyyin Kiristoci da aka raɗa wa hanyar sunansa, ya tafi Dimyaɗ ta Masar a 1219, ana tsakiyar yaƙin 'yan Salibiyya, ya gana da Sultan al-Kamil, ya dawo lafiya lau. Ya ce kuma tun 1961, da wani ɗan rajin zaman lafiya, Aldo Capitini, ya fara, ake tattakin zaman lafiya daga Perujiya zuwa Asisi, kilomita 24, in shirya mu je tare.

A Asisi aka buga mini hatimi a ɗan katin matafiya, ba wanda ya nemi fasfo. Na saka shi cikin ledar da nake ajiye takardar zama. Ran Litinin da silifa na je aiki, mai dafa abinci yana ta tsokanata.