Ɗakin da aka tsare sarauniya

Taron da ya kai ni Honolulu, babban birnin tsibiran Hawaii na Amurka, ya ƙare ranar Alhamis, jirgina kuwa sai daren Asabar. Da hantsin Juma'a na hau bas zuwa titin King, na sauka gaban Fadar Iolani.

A bakin ƙofa aka miƙo mana wasu 'yan jakunkunan yadi, kowa ya zura takalminsa ciki don kada mu ƙwarzane daɓen katako. Na yi murmushi. A wurinmu tuɓe takalmi ake yi a ƙofar fada, nan kuwa riga ake sa masa.

Sarkin Hawaii, Kalakaua, ne ya gina fadar, aka kammala a 1882. Mutum ne mai son sabon abu: ya zaga duniya a 1881, ya gana da Thomas Edison, shahararren mai ƙirƙirar kayan lantarki, a New York, ya kuma ja wa fadarsa lantarki tun White House ba ta samu ba. Har tarho akwai. Matakalar itacen koa sai sheƙi take yi, ga karagu biyu a zauren sarauta, gefensu dogayen sanduna masu gashin tsuntsu da suke kira kahili.

Duk wannan kallon wucewa na yi masa. Inda ƙafata ta ƙi gaba wani ɗaki ne a saman bene, kusan fayau. Ƙanwar sarkin, Liliuokalani, ita ta gaje shi a 1891. A Janairun 1893 wasu attajirai, galibinsu masu tsatson Amurka da hannu a harkar rake, suka tuɓe ta, ga sojojin ruwan Amurka jibge kusa da fadar. Bayan shekara biyu magoya bayanta suka yunƙura su mayar da ita, abin ya ci tura. Aka gurfanar da ita gaban kotun soja a zauren da take zaman fadanci, aka kulle ta a ɗakin nan kusan wata takwas.

A tsakiyarsa, cikin gilashi, akwai mayafin gado da ta fara ɗinkawa a tsare, da ƙyallayen alharini kala-kala. Da zare ta rubuta sunanta, da ranar haihuwarta, da ranar da ta hau mulki, da ranar da aka sauke ta. Na daɗe ina bin ɗinkin da ido, har wata dattijuwa a bayana ta yi gyaran murya na matsa.

Ofisoshin gwamnati aka mayar da fadar har 1969. Kayan cikinta kuwa gwanjonsu aka yi, abin da ya fi ba ni takaici ke nan. Har yau masu kula da ita na bin sawunsu ƙasa-ƙasa, tun ma kafin a buɗe ta ga masu ziyara a 1978.

Da na fito, 'yan badujalar Royal Hawaiian Band sun fara busa a inuwar bishiya. Na ɗan saurara, na duba agogo, na tari tasi zuwa masallacin Manoa kada Juma'a ta kuɓuce mini.