Kafin ka yi odar na'urar karanta littattafai, buɗe wayarka ka duba

Da wuya ka shiga shagon 'yan waya a Birnin Kebbi ko Argungu ko Jega ka tarar da na'urorin karanta littattafai jere a kanta, har ka ɗauki wannan ka ajiye waccan. Yawanci oda ake yi daga Legas ko Kano, a ba direba, ka je tasha ka karɓa. Ba ka da damar gwaji kafin biya ke nan, mayar da kaya kuma wahala ce. Gwajin da ya rage maka shi ne wanda za ka yi kana zaune a gida: ka buɗe wayarka ka duba irin fayilolin da kake karantawa. Su za su faɗa maka na'urar da ta dace da kai, tun kafin a zo maganar Kindle ta kamfanin Amazon ko ta kamfanin Kobo.

Abin da ya haɗa su duka shi ne sikirin da ake kira E Ink. Ƙananan ƙwayoyi ne farare da baƙaƙe, wuta ke turo wasu sama ta mayar da wasu ƙasa har rubutu ya fito. Da shafi ya zauna ba ya ƙara cin wuta sai ka juya wani. Shi ya sa batiri ke yin makonni, kuma tsakar rana ma ana ganin rubutu tangaran. Amma yana da nawa. Ba ya bidiyo, kuma ja da matsa shafi da yatsa yana zuwa da jinkiri. Wannan jinkirin ka riƙe shi a rai, don shi ne tushen yawancin nadamar masu saye.

In abin da ke wayarka labarai ne, irin waɗanda ake turawa a WhatsApp a fayil na rubutu zalla, ko Word, ko EPUB, wato tsarin fayil na littattafan lantarki, to ƙaramar na'ura ta ishe ka. Irin wannan rubutu yana bin girman sikirin, in ka ƙara girman haruffa layuka su sake jeruwa da kansu. Kindle ƙarama ta 2022 inci 6 ce, tana da ɗigo 300 a kowane inci, ma'ajiya 16GB, da bakin caji USB-C. Kindle Paperwhite ta 2021 inci 6.8 ce, ta 2024 kuma inci 7, dukansu suna jure ruwa, kuma haskensu yana juyewa ruwan ɗorawa don karatun dare. A ɓangaren Kobo akwai Clara BW mai inci 6, ita ma tana jure ruwa tana da wannan haske, sai Libra Colour mai inci 7 da maɓallan juya shafi a gefe. Kindle ƙarama ta 2019 tana yawan fitowa da araha a hannun masu sayar da na hannu, amma ɗigo 167 ne kawai a inci. Boko zai karantu, sai dai wasullan Larabci ƙanana suna dushewa.

Bambancin da zai fi taɓa ka tsakanin kamfanonin biyu shi ne yadda littafi ke shiga. Kobo tana karanta EPUB kai tsaye. Ka jona ta da kwamfuta ta fito kamar filas, ka zuba fayil, shi ke nan. Ko kwamfuta babu, yawancin wayoyin Android suna ganin ta in ka haɗa su da kebul na OTG, irin wanda ake jona filas da waya. Kindle ba ta buɗe EPUB ɗin da aka zuba ta kebul. Hanya biyu ce gare ka: ko ka juya fayil ɗin zuwa AZW3, tsarin da Kindle ke karantawa, da manhajar Calibre, wadda kyauta ce a kwamfuta, ko ka bi ta Send to Kindle, wadda ta fara karɓar EPUB a 2022. Ta biyun tana son asusun Amazon da intanet. Ka tura fayil daga waya, sannan ka buɗe wa na'urar hotsifot ta sauke shi. Ta imel iyakarsa 50MB, ta shafin intanet 200MB, kuma dole adireshin da kake turowa da shi ya kasance cikin waɗanda ka amince wa a asusunka, in ba haka ba saƙon ba zai iso ba. A ganina, wanda ba ya da niyyar sayen littattafai da dala daga shagon Amazon, Kobo ta fi masa sauƙin rayuwa. Kindle ta fi ta ne a abu ɗaya mai nauyi a nan: ta fi samuwa, haka murfinta.

Yanzu ga inda aka fi faɗawa rami. Ɗalibin Jami'ar Tarayya da ke Kalgo, ko na jami'ar Aliero, ko na Kwalejin Waziri Umaru, abin da ke wayarsa takardun darasi ne da aka yi wa hoto aka haɗa PDF. Almajirin ilimi kuma littattafan fiƙihu da tafsiri ne na Larabci, bugun da aka yi sikanin, ga matani a tsakiya ga sharhi ya zagaye gefe da ƙananan haruffa. PDF irin wannan hoto ne, ba rubutu ba. Ba ya sake jeruwa, ba a ƙara masa girman haruffa. Na'ura za ta matse shafin A4 gaba ɗaya cikin inci 6, rubutu ya koma kamar jerin tururuwa. In ka ja shi ya girma, sai ka riƙa turawa dama da hagu a kowane layi, ga sikirin mai nawa. Minti goma ka gaji ka koma wayarka.

Mai irin wannan karatu inci 10 yake buƙata. Kindle Scribe, wadda ta fito a 2022, inci 10.2 ce kuma tana da alƙalami. Kobo tana da Elipsa mai inci 10.3. Amma a harkar PDF, na'urorin Boox sun fi su, domin Android ce a ciki kuma manhajarsu tana yanke farin gefen shafi, tana raba shafi mai ginshiƙi biyu, tana ƙara wa rubutun da ya kode duhu. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga takardar da aka yi wa fotokwafi sau da yawa kafin a ɗauke ta hoto. Su ne kuma kaɗai cikin waɗannan da za ka iya sa musu Wattpad da sauran manhajojin da marubutan Hausa ke sakin labarai. Kuɗinsu ya ninka na ƙananan, batirinsu kuma kwanaki yake yi ba makonni ba, tunda Android tana ta aikinta a ƙarƙashi. In aljihu bai kai ba, akwai dabara ta tsaka-tsaki: na'ura mai inci 7, ka kwantar da ita a gicciye, ka riƙa karanta rabin shafi. Manhajar KOReader, wadda ake iya sa wa Kobo da na'urorin kamfanin PocketBook, tana yanke gefe da kyau. Yana yi wa littafi mai ginshiƙi ɗaya. Ba ya yi wa mai sharhi a gefe. Gaskiya ma, wanda duk karatunsa PDF ne mai zane da jadawali kuma kuɗinsa kaɗan ne, gara ya sayi tablet.

Sai haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Ba kowane salon rubutu da ke zuwa cikin na'ura ke da su ba. In babu, na'ura takan aro harafin daga wani salo, sai ka ga ƙ ta fi 'yan uwanta kauri ko tsawo a tsakiyar kalma, wani lokaci ma akwati ne zai fito a gurbinta. Gyaran ba wuya. Ka sauke salon rubutu na Charis SIL ko Gentium ko Noto Serif, duk kyauta ne kuma suna ɗauke da haruffan Hausa. Ka jona na'ura da kwamfuta, ka zuba fayilolin TTF ko OTF cikin folda mai suna fonts. A Kindle za ka tarar da ita, a Kobo kai za ka ƙirƙira ta a babban wurin ajiya. Ka zuba duka huɗun, na yau da kullum, mai kauri, karkatacce, da mai kauri karkatacce. Ka cire kebul, ka buɗe littafi, ka zaɓi sabon salon. In har yanzu kana ganin tarkacen alamomi a gurbin ƙugiya, matsalar daga fayil ɗin take: an adana shi ba a tsarin UTF-8 ba, sai ka sake adana shi ko ka gyara a Calibre.

Masu launi, irin Clara Colour da Kindle Colorsoft na 2024, ban ga dalilin ƙarin kuɗinsu ga mai karanta rubutu ba. Launin ɗigo 150 ne a inci, kuma shimfiɗar launin tana sa farin shafi ya yi duhu, dole ka ƙara haske, batiri ya ragu. Mai karanta mushafi mai launin tajwidi ko littafin yara, shi yana da hujja.

Taɓawar ma iri biyu ce. Tsofaffi kamar Kindle Touch da Kobo Touch na 2011 suna aiki da haske marar ganuwa da ke ratsa saman sikirin daga gefe zuwa gefe, yatsa ya katse shi na'ura ta gane inda aka taɓa. Za ka san su da zurfin bakinsu. In ƙurar hunturu ta taru a wannan lungu, sai shafi ya riƙa juyawa shi kaɗai ko wani gefe ya daina ji. Ba lalacewa ba ce. Burushi mai laushi da busasshen ƙyalle sun isa. Paperwhite kuwa irin taɓawar waya take yi, ƙura ba ta dame ta, amma ɗigon ruwa ko gumi yana ruɗa ta.

In ta hannu za ka saya, kar ka tura kuɗi sai mai kaya ya turo maka bidiyo, ba hoto ba. Ya buɗe farin shafi ya kai haske ƙarshe, ka duba ko akwai ɗigo mai ƙyalli ko wurin da ya yi duhu. Ya juya shafi biyar ko shida, duk layin da bai motsa ba ko kusurwar da tsohon rubutu ya daskare, gilashin ciki ne ya tsage, kuma canjin sikirin kan kusa kuɗin wata na'urar. Ya nuna maka shafin bayanin na'ura ka ga samfurin da lambarta, don ana yawan kiran Paperwhite ta 2018 da sunan ta 2021. Bakin caji yana tona asiri: ta 2018 micro-USB ce. In Kindle ce, ya cire asusun tsohon mai ita a gabanka, kuma ku yi sharaɗi cewa in ta ƙi rajista da naka asusun za ka mayar. Wadda aka kai rahoton sacewa ko ɓatanta Amazon kan toshe lambarta, ba ta ƙara rajista. Ya kuma kwantar da ita a tebur. In tana lilo ko bayanta ya ɗago, batiri ya kumbura.

Kumburin nan zafi ne ke kawo shi, mu kuwa muna da shi. Amazon ta rubuta cewa a yi amfani da Kindle tsakanin digiri 0 zuwa 35. Daga Maris zuwa Mayu Kebbi tana haura 40. Karatu a inuwa ba laifi. Abin gudu shi ne barin ta a gaban mota, ko cikin but ɗin babur, ko yi mata caji a ɗakin kwano da azahar. Ka yi caji da dare ko da asuba, kuma in ta cika ka cire.

Kayan haɗi kaɗan ne suka cancanci kuɗinka. Murfi shi ne na farko, kuma mai rufe fuska, ba robar baya kawai ba. Gilashin da ke ƙarƙashin E Ink siriri ne, abin da ke fasa shi yawanci dannewa ne, a jaka tsakanin littattafai da caja, ko a aljihun riga in an durƙusa. Ka saya da shekarar na'ura, don murfin inci 6.8 ba ya zama daidai a kan inci 7. Mai maganaɗisu yana kashe ta in ka rufe, amma mai arha wani lokaci yana kashe ta in ka naɗe murfin baya, saboda maganaɗisun ya yi ƙarfi. Sikirin gad na gilashi mai sheƙi ɓarna ne, yana dawo da ƙyallin da ka gudo daga waya. In dole ne, ka nemi marar sheƙi. Caja ta musamman ba ta da amfani, kan cajar waya mai 5V ya isa. Kebul ne abin lura: da yawa na kasuwa caji kawai suke yi, ba su da wayoyin data a ciki, na'ura za ta nuna tana caji kwamfuta kuma ba za ta gan ta ba. Fawa bank mai 10,000mAh zai cika ƙaramar na'ura sau da yawa, tunda batirin yawancinsu bai kai 2,000mAh ba. Wasu fawa bank ɗin suna kashe kansu in abin da ake ja ya yi kaɗan, sai ka sake danna maɓalli.

Makonnin da ake rubutawa a kwali, shida ga Kindle ta 2022, goma ga Paperwhite ta 2021, an auna su ne da karatun rabin awa a rana, Wi-Fi a kashe, haske ƙasa-ƙasa. Mai karatun awa uku ya raba da shida. In ka zuba littattafai ɗari biyu a tashi ɗaya, Kindle za ta kwana tana tantance kalmominsu don bincike, batiri ya zube. Ka bar ta a caji ta gama. In bayan kwana biyu bai daina zuba ba, rubuta wata kalma marar ma'ana a wurin bincike, za ta nuna maka littattafan da ba ta gama da su ba. Wanda ya maƙale a jerin, fayil ɗinsa ne ya lalace, ka goge shi ka sake juya shi.

Ranar da za a sa maka ita a mota, ka ce a kashe ta gaba ɗaya ko a sa ta barci cikin murfinta, a ɗora kwali mai tauri a fuska da baya, a naɗe da soso, sannan a saka a ƙaramin akwati ba leda ba. Ka roƙi direba ya ajiye ta a gaba, kar ta shiga but ƙarƙashin buhuna. A tasha ka buɗe, ka kunna, ka juya shafi a gabansa kafin ka sa hannu.